Musayar waƙa: faifan Mdou Moctar ya iso Tawa

Ɗan Bilbis, Tawa

Salamu alaikum ƴan uwa. Abin da muke jira tun 2021 ya fito ran Juma'a, 3 ga Mayu 2024. Mdou Moctar, mai gitar nan Ba'abzine, ɗan jiharmu ta Tawa a Nijar, shi da mutanensa uku sun saki Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, waƙa tara. Ƙa'ida tana nan yadda muka saba, mai amsawa da baiti zai amsa. Na buɗe.

Shekara uku ana ta jira,
Kamar mai shuka da ya tsura
Ido ga gabas, zafi na ƙara,
Sai ga hadari ya ɗaura ɗamara,
Ruwan fari ya sauka Tawa.

Kuran ya yanke, ɗaki ya yi zafi,
Muka yo waje da buta da kofi,
Na danna waya, gita ta taso da ƙarfi,
Mai gadin layinmu ya kama tafi,
Shayi ya ƙafe, ba mai kulawa.

Bahago ne, da hagu yake kaɗa tsirkiya,
Souleymane na bin sa da ganga ba gajiya,
Madassane ya riƙe masa ƙashin baya,
Coltun da bas ya tsare tsakiya,
Mutum huɗu, ka ce aradu ke faɗuwa.

Kawu Mai Rediyo, Tawa

Ɗana, ka yaba. Bari in faɗi tawa.

Na saurara daga fari har ƙarshe,
Amma zuciyata ba ta sauka ba.

Muryar yaron na san ta tun 2008,
A Sakkwato aka ɗauke ta, ban manta ba.

Daga katin waya zuwa katin waya take yawo,
Da bulutut, ba a jera ta a kanti ba.

A rumfata, tsakanin batir da dalma,
Ba na wuni ban tura wa wani ba.

Direban Agadas, makiyayin Abalak,
Ba mai wucewa bai tambaye ta ba.

Kiɗan nan assuf sunansa, kewa ke nan,
Kewa kuwa ba da ihu muka san ta ba.

Shiga take a hankali kamar sanyin asuba,
Wannan ƙara ba ta bar ni na ji ta ba.

A Amurka aka ɗauki faifan, na ji labari,
Don kunnen wa aka yi shi? Ban gane ba.

Ƴar Yantala, Yamai

Kawu, ina durƙusawa kafin in tanka,
Ba raini ba ne in na saɓa zancenka,
Amma ka taɓa tsayawa bikin aure da kanka
A Agadas bayan isha, ka buɗe kunnenka?

Injin wuta na ruri, lasifika ta tsage,
Ƙura ta turnuƙe, samari sun dage,
Da babura aka zagaye fili aka kange,
Mai gita na zuba kamar sarkin goge.

Ƙarar nan a gida aka haife ta,
Amurka ɗakin ɗauka kawai ta ara mata,
Kuma uwar da wuta ta kama bukkarta
Ba ta raɗa, Kawu, ihu ne maganarta.

Tun 1971 a Arlit ake haƙa,
Yuraniyom ga Faransa aka yi ta miƙa,
Su da fitila, mu da ƙurar da muke shaƙa,
Ga ni da tocila, takardata gumi ya jiƙa.

Ɗan Bilbis

Ƙanwata, kin faɗi gaskiya. Ga ƙari a kan taki.

An gama ɗaukar faifan kafin 26 ga Yuli,
Ranar juyin mulkin 2023, ƙasa ta sauya hali,
Su suna Amurka suna kiɗa fili-fili,
Aka rufe iyakoki, ga babban dalili,
Suka maƙale can, ba hanyar dawowa.

Waƙar da ya ja wa Faransa kunne,
Ya yi ta tun sojojinta na nan zaune,
Sai Disamba suka fice, kowa shaida ne,
Ba bin iska ya yi ba, abin da ke ransa ne,
Ya faɗe shi tun kafin a fara tafawa.

Mai Kabu-kabu, Tawa

A tasharmu ta bakin babbar kasuwa,
Waya ɗaya, mu bakwai, kai da kai.

Da ganga ta hau gudu, wani dattijo
Ya sauke buhunsa ya kama gyaɗa kai.

Ya ce wannan sassarfar raƙumi ce ya hango rijiya,
Sai da ta ƙare ya ce, to ɗana, ɗauki mu kai.

Jikar Tchinta, Tawa

Tun shekaranjiya nake karanta ku ban sa baki ba. Yau na kasa shiru. Ku yi haƙuri in na yi tsawo.

Ku kuna gardamar ƙara da sanyi,
Ni waƙa ta biyu ta ɗora min nauyi,
Imouhar, da ta taso na rasa abin yi,
Kira ne ga Abzinawa, ba da wasa ya yi,
A riƙe Tamashek kada ta ɓata.

Innata ta Azawak ce, babana Ba'adare,
Hausa da Faransanci na tashi da su tare,
Lakwal da rana, tatsuniya da dare,
Harshen inna kuwa gefe aka ware,
Gaisuwa na iya, daga nan sai kunyata.

Kakata kan share yashi da tafin hannu,
Ta zana haruffan tifinag da yatsa a sannu,
Ɗigo, da'ira, sanda, ina bi da idanu,
Sai in ruga wasa, in bi masu shanu,
Iska ta shafe abin da ta rubuta.

Jiya sai da na ɗauki waya
Na kai wa maƙerin azurfa na bakin hanya,
Ya fassara mini layi-layi, ya tsaya,
Ya dube ni ya ce, ke ta wa ce, ɗiya?
Na faɗi sunan inna, na rufe fuskata.

Ya san danginmu, ya san rijiyarmu,
Ya lissafo mini sunayen kakanninmu,
Da Hausa ya yi, don ita ta haɗa mu,
Ita ma tawa ce, ba na musun gidanmu,
Amma gida biyu gare ni, ɗaya na rufe ƙofa tata.

Kawu, kewar da ka ce ba ka ji ba,
Tana ciki, ƙarar ba ta kore ta ba,
Waƙar a hankali ta faro, ba da gudu ba,
Sannan ta fashe, don mai kira bai ga an juyo ba,
Ni yake kira, kuma ya iske ƙofata.

Ƴar Yantala

Yaya, kin sa ni kuka a tsakar ɗakinmu,
Nan Yamai irinki sun cika ajinmu,
Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek, duk namu,
Faransanci muke yi in malam ya haɗa mu.

Kawu Mai Rediyo

Ɗiyata, kin sa na rufe rumfa da wuri,
Na sake sa ta biyun, ban tsallake ba.

Farkonta irin na katin da ne sak,
Ashe yaron bai yar da mu ba.

Wanda ya haɗa gitarsa ta fari da katako
Da wayar birkin keke, bai sayo ba,

In ya samu lasifikar da ta fi shi tsawo,
Ba ni zan ce masa kada ya murɗa ba.

Amma roƙona na nan, ƴaƴana, ban janye ba:
A yi mana wani da gitar da ba ta wuta ba,

A zauna ƙasa, a yi shi da tafi da murya,
Tsofaffin kunnuwa ba su ƙoshi ba.

Ke kuma, kakar nan taki tana da rai?
Kar ki bari damina ta sauka ba ki je ba.

Jikar Tchinta

Tana nan, Kawu. Ido ya rage, amma yatsa bai manta ba.

Motar Tchintabaraden Asabar zan bi,
Na gaya wa inna, ta ce Allah ya sa albarka, ki bi,
Na sayi ganyen shayi da sukari kilo da rabi,
Faifan na cikin waya, zan sa mata bi da bi,
Wannan karon a takarda za ta rubuta.