Addu'ata ta koma kamar hadda, ku taimaka min

Salama 'yan'uwa cikin Almasihu, don Allah shawara nake nema. Kullum da asuba ina durƙusawa in yi addu'a amma gaskiya baki ne kawai ke motsi, zuciya tana can wajen aiki, wani lokaci har in kai amin ban san me na faɗa ba. Na gwada karanta Zabura 51 kafin in fara, na kashe waya ma, kwana biyu abin ya yi daɗi sai aka koma gidan jiya. Matiyu 6:7 ce ta fi damuna, inda Yesu ya hana maimaita maganar banza, ni kuwa kalmomina ɗaya ne kullum. Waɗanda kuka taɓa shiga wannan hali yaya kuka yi? In gajarta ta ne ko in dinga rubutawa?