Awon gwangwani ko awon sikeli?

Maman Yara:
Assalamu alaikum. Likita ya ce mahaifiyata, wadda ke fama da ciwon sukari, ta riƙa cin giram 150 na dafaffiyar shinkafa, mu kuwa da gwangwanin madara muka saba awo. Shin duk ɗaya ne?

Ɗan Kasuwar Hatsi:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba ɗaya ba ne, domin gwangwani yana nuna wurin da abinci ya cike, sikeli kuma yana nuna nauyinsa. Litar ruwa kilo 1 ce, amma litar man gyaɗa kusan giram 920 ce.

Uwargida:
Shinkafa tana kumbura kusan ninki uku idan ta dahu, saboda haka ki auna bayan an sauke tukunya. Ki ɗora kwanon da babu komai a kan sikeli, ki mayar da shi sifili, sannan ki zuba. Allah ya ba Mama lafiya.