Tsohon garin Zanzibar, ya kai a ɓata masa kwana biyu?

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum jama'a. Aiki zai kai ni Darussalam wata mai zuwa in sha Allah, kuma ina da rarar kwana biyu. Abokiyar aikina ta dage sai na tsallaka Zanzibar na ga tsohon garin nan da ake cewa Stone Town, ni kuma hotunan da na gani duk bango ya yi baƙi, lunguna a matse. Dan Allah wanda ya taɓa zuwa, meye abin gani a ciki? Ko in wuce bakin teku kawai in huta?

Baba_Sule:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki je, jirgin ruwa wajen awa biyu ne daga Darussalam. Su mutanen can Mji Mkongwe suke ce masa, wato tsohon gari. Abin da hoto ba zai nuna miki ba shi ne garin a raye yake, mutane na cikinsa suna harkarsu, ki fito bayan asuba za ki ga yara sun nufi makarantar allo, dattawa zaune kan dakalin da suke kira baraza ana shan gahawa, mota ba ta shiga yawancin lungunan sai keke da babur. Ni ƙofofin ne suka tafi da ni wlh. Katako ne mai kauri an sassaƙa shi da hannu, na Larabawa samansu a miƙe yake, wasu har da ayar Alƙur'ani a sama, na Indiyawa kuma saman a lanƙwashe ga manyan ƙusoshin tagulla a jiki. Na fi awa uku ina bin ƙofa ƙofa har na ɓata, kuma ɓatan ba abin tsoro ba ne, garin bai da girma, in kin yi ta tafiya ko ki ɓulla bakin teku ko babban titi.

Zully:
Ƙari kan maganar Baba, ki ɗan san tarihin kafin ki je, in ba haka ba bango kawai za ki gani. Sarkin Oman Sayyid Sa'id ne ya dawo da fadarsa nan daga Maskat, garin ya yi kuɗi da kanumfari da hauren giwa, da kuma cinikin bayi, wannan kam ba a ɓoye shi. A 1873 aka rufe kasuwar bayin, a filin aka gina babban cocin Angilikan. Na shiga ɗakunan ƙasa da ke wurin, rufin ko miƙewa ba ka iya yi, na fito jikina a sanyaye ranar ko abincin kirki ban ci ba. Sai fadar nan Beit al-Ajaib da Sarki Barghash ya gina a 1883, shi ne gini na farko a tsibirin da ya samu lantarki, amma wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020, ki tambaya ko an buɗe kafin ki sa rai.

Injiniya_Bash:
Baƙin bangon da ya dame ki damshi ne Hajiya. Da dutsen murjani da farar ƙasa aka yi ginin, dutse ne mai shan ruwa, ga iskar teku mai gishiri ga ruwan sama, dole sai ana bin sa da gyara. Abin da ke ci min rai masu shafe shi da siminti, simintin ya toshe damshin a ciki bango ya riƙa ruɓewa ba a sani ba. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya tun 2000 amma suna ba ya gyara rufi, kuma gidaje da yawa sun koma otal da shagon tsaraba, in mazauna suka gama tashi wa zai zauna kan barazar?

Maman_Hanif:
Kai na gode sosai, kun sa na canza shawara. To a ciki zan kwana ko waje?

Baba_Sule:
A ciki mana. Da yamma ki gangara lambun Forodhani gaban tsohuwar ganuwa, nan ake gasa kifi. Ki tafi da takalmi mara tsini da ƙaramar jaka, don tasi a bakin lungu zai sauke ki, sauran da ƙafa ne.