Yara na lalata min kwamfutocin lakwal, ƙaƙa zan kulle su?

Mushe daga Tawa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da kwamfutoci a lakwal ɗinmu, Ubuntu (wani nau'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta) ke kansu, kowane aji na shigowa aiki, to kullum sai wani ya canza hoton allo, wani ya goge aikin ɗan uwanshi, jiya ma na tarar an maida harshen wata zuwa Sinanci. Don Allah a ba ni dabara.

Mai sibar, Yamai: Wa alaikumussalam Mushe. Kar ka bari su shiga da kontin da ka girka mashin da shi. Buɗe wa kowane aji nashi, wanda ba ya cikin rukunin sudo, wato masu ikon canza komai a mashin. Sannan tunda fuskar allon Ubuntu GNOME ce, dconf za ka bi, wato ma'ajiyar saitinta: rubuta saitin da kake so cikin /etc/dconf/db/local.d, sunayen waɗanda ba a taɓawa kuma cikin jakar locks da ke nan ciki, sai ka buga dconf update, amma fa sai fayil ɗin /etc/dconf/profile/user na da layin system-db:local in ba haka ba ka yi aikin banza.

Ɗalibar jami'a: Baba Mushe a sa wa BIOS, wato saitin farko na tashin mashin, lambar sirri ma, a hana tashi daga kile USB. Yaran yanzu da kile ɗaya za su tsallake duka.

Mushe daga Tawa: Madalla, Allah ya saka. To batun goge aikin juna fa?

Mai sibar, Yamai: Konti daban-daban ya magance wannan, tun Ubuntu 21.04 wani ba ya leƙa jakar wani. In aji guda ne kuwa, sai kowane yaro nashi.