Layukan PCB ɗina sun ƙi kama jan ƙarfe, ina matsalar take?

dan_soda: Salam 'yan uwa. Ina so in haɗa ɗan bod (PCB, allon da ake dasa kayan lantarki a kai) na IC 555 (ɗan guntun lantarki mai ƙafa takwas) a gida, na zana layukan a manhajar KiCad na buga a takarda na kifa kan jan ƙarfen na goge da dutsen guga kusan minti goma, da na jiƙa a ruwa sai komai ya bi takardar ya tafi, bod ɗin fes kamar ban taɓa shi ba. Sau uku kenan wallahi. Firintata mai tawadar ruwa ce in hakan na da alaƙa.

Mai Gyaran Rediyo: Wslm. Ai ka amsa wa kanka malam, tawadar ruwa ko kwana za ka yi kana guga ba za ta kama ba. Firintar leza ake so, don tona ɗinta garin roba ne, zafi ya narka shi ya manne a jan ƙarfe, shi ne kuma zai hana ferric chloride, sinadarin da ke cinye jan ƙarfen da ba a rufe ba, cin wurin. In ba ka da ita je shagon fotokwafi, injinsu tona ne. Ka tafi da takarda mai sheƙi irin ta mujalla, farar takarda riƙe tona take yi ta bar maka gashi-gashi tsakanin layuka.

injiniya_tukuna: Ƙari kan bayanin oga, wanki shi ne rabin aikin. Dirje bod da soson ƙarfe har ya yi ƙyalli, goge da sipirit, kar yatsa ya sake taɓa shi. Kashe tururin dutsen gugar, ka danna da ƙarfi musamman gefe-gefe, sannan ka bari takardar ta jiƙu sosai ka murje a hankali da ɗan yatsa ba ɓarewa ake ba. Inda layi ya yanke cike da alƙalamin maka (marker) wanda ba ya goguwa. Ni na farkona ya fito tsaf amma a juye, ƙafa ta 1 ta koma mazaunin ta 8, tun daga nan nake sa rubutu a zanen, in ya karantu daidai a takarda to a bod zai juye.

dan_soda: Allah ya saka. To ferric chloride ɗin fa, a kwanon silba zan zuba?

Mai Gyaran Rediyo: Kai a'a! Cinye kwanon zai yi. Roba ko gilashi kawai, ka ɗora robar cikin ruwan ɗumi kana jijjigawa ya fi sauri. Sa safar hannu da tsohuwar riga don tabonsa ba ya fita, ragowar kuma ka adana a jarka mai murfi nesa da yara, kar a zuba a kwata, zai sake yi maka wani bod ɗin ma.