Harsashi Huɗu a Ƙofar Bayi: Musayar Waƙa Kan Pistorius da Reeva

Gwaggon Yara

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga batun da na kawo yau. Oscar Pistorius, ɗan tseren Afirka ta Kudu mai gudu da ƙafafun roba, ya harbe budurwarsa Reeva Steenkamp a gidansa da ke Pretoria ranar 14 ga Fabrairun 2013, wajen ƙarfe uku na dare. Ba a ɗaura musu aure ba, amma ɗaki ɗaya suka kwana a daren. Ya ce ɓarawo ya zata. Ni dai har gobe maganar ba ta kwanta mini ba. Mai amsawa ya amsa da baiti.

Da sunan Allah nake buɗe batuna,
Sarkin da barci bai taɓa kama shi ba.

Ƙarfe uku na dare ta shiga bayi,
Ta murɗa makulli, ba ta fito da rai ba.

Harsashi huɗu ya aika ta ƙofa,
Uku sun same ta, ba su kauce ba.

Ɗaya a ƙugu, ɗaya a hannun dama,
Ɗaya a ka, wanda bai bar numfashi ba.

Ya ce motsin ɓarawo ya ji a taga,
Ɓarawon da ko inuwarsa bai gani ba.

Bindigar na ƙarƙashin gadon kwana,
Ya sunkuya ya zaro, bai waiga ba.

Da ya ɗora tafinsa a kan bargo,
Da ya san ba ta nan, amma bai yi ba.

Wai ya yi mata raɗa ta kira 'yan sanda,
Ba ta amsa ba, shirun bai dame shi ba.

Wai ya daka tsawa a fita daga gidansa,
Tana bayan ƙofar, ba ta ce "ni ce" ba?

Mace ta kulle kanta da waya a hannu,
Tsakar dare, ni kam ban ga lafiya ba.

Ɗan Tsere

Gwaggo, Allah shi ƙara girma,
Ki ba ɗanki dama ya ce wani abu ma,
Zato zunubi ne ko ya yi kama,
Kin bar babban shaida a waje, tsoro.

Yana da wata goma sha ɗaya a duniya,
Aka yanke ƙafafunsa biyu gaba ɗaya,
Daren nan a kan dungu yake tafiya,
Mai dungu a duhu ya fi kowa tsoro.

A Landan 2012 mun gan shi a fili,
Mita 400 da masu ƙafa ta asali,
Amma cire ƙafar roba ki duba hali,
Jarumin rana ne, da dare sai tsoro.

Ƙasar nan fashi har cikin ɗaki,
Ga katanga, ga wayar lantarki,
Ga masu gadi dare da rana a bakin aiki,
Duk da haka kowa na kwana da tsoro.

A 2004 wani tsohon ɗan zari-ruga,
Ya hangi motar gida na fita, ta taga,
Ya harba, ashe 'yarsa ce a ciki, kin ga,
Ba ƙiyayya ta kashe ta ba, tsoro.

Ƙwan bayin ya mutu, shi ya sa ta ɗau waya,
Ta haska hanya, ba rigima ba hayaniya,
Tsawarsa ta ji ta kulle ta ɓuya,
Ita ma abin da ya rufe bakinta, tsoro.

Ya fasa ƙofar da sandar kurket da kansa,
Ya sauko da ita daga bene a hannunsa,
A kotu amai yake, da bokiti a gabansa,
Mai ganganci ba ya haka, sai mai tsoro.

Tsohon Maharbi

Ni ban san kotu ba, bindiga na sani.

Ɗana, na ji ka, tsoro gaskiya ne,
Amma matso nan in ɗan gyara maka.

Mu a dawa ba ma harbin motsin ciyawa,
Sai ka ga kunne da ƙaho da idonka.

Don mai itace ma yana motsa ciyawa,
Wata rana mai motsin ɗan uwanka.

Kunamar bindiga ba ta jan kanta,
Sai ta ji nauyin ɗan yatsanka.

Ɗaya ya kuɓuce, mu ce tsautsayi,
Huɗu a jere kuwa, aikin hannunka.

Harsashin nan ma ba na wasa ba ne,
Buɗewa yake in ya shiga jikinka.

Ya ci jarrabawar riƙe makami,
An tambaye shi yaushe doka ta ba ka.

Ya amsa daidai da alƙalaminsa,
Ba a harbi sai ana neman ranka.

Wata guda kafin nan, a gidan abinci
Na Johannesburg, bari in tuna maka,

Bindigar aboki ta tashi a hannunsa,
Ƙarƙashin tebur, jama'a na zaune haka.

Ya ce yatsansa bai kai kan kunama ba,
Kotu ta ce wannan laifin dai naka.

Wanda bindiga ke yawan tashi a hannunsa,
Kar ka ba shi ajiyar 'yarka.

'Yar Lauya

Gwaggo, Baba, a gafarce ni, kwanan wata ba ya zama da daɗi a baiti, bari in fara sauke su a nan. An fara shari'ar ranar 3 ga Maris 2014 a babbar kotun Pretoria, gaban Mai shari'a Thokozile Masipa. Ranar 12 ga Satumba ta same shi da laifin kisa ta hanyar sakaci, a watan Oktoba ta ba shi shekara 5. Masu gabatar da ƙara suka ce ba su yarda ba. Ranar 3 ga Disambar 2015 kotun ɗaukaka ƙara da ke Bloemfontein ta mai da laifin kisan kai. Masipa ta sake zama a Yulin 2016 ta ba shi shekara 6, aka sake komawa sama, a Nuwambar 2017 aka ɗaga zuwa shekara 13 da wata 5. To ga yadda aka yi:

Tambaya biyu ce kuke haɗawa,
Shi ya sa zaren ke ta ƙullewa,
Ta farko, ya san wa yake harbewa?
Ta biyu, ya san akwai mai mutuwa,
Ko wane ne ke bayan ƙofa?

Maƙwabciya ta ce ta ji ihun mace da kunnenta,
Likita ya duba abin da ke cikin cikinta,
Ya ce kamar awa biyu ke nan da cin abincinta,
Shi ko ya ce tun wajen goma suka kwanta,
To ƙarfe ɗaya wa ke farke a bayan ƙofa?

A WhatsApp ta taɓa rubuta masa,
Wani lokacin tana jin tsoronsa,
Da yadda yake hayayyaƙo mata da faɗansa,
Mai gabatar da ƙara, Gerrie Nel, ya ɗora a kansa,
Ya ce gardama ce ta kai ta bayan ƙofa.

Lauyansa Barry Roux ya ce a duba gaba ɗaya,
Mafi yawan saƙonnin nan na soyayya,
Ihun na Oscar ne, firgici ya sa muryar ta sauya,
Ƙarar da aka ɗauka harbi daga baya,
Sandar kurket ce ke dukan ƙofa.

Mai bincike ya shiga bai rufe takalmi ba,
Wani ya ɗau bindigar bai sa safar hannu ba,
Agogo ya ɓace a ɗakin, ba a gan shi ba,
Masipa ta ce hujja ba ta kai ba,
Cewa ya san Reeva ce a bayan ƙofa.

Alƙalan Bloemfontein su biyar suka zauna,
Suka ce ba ruwan doka da suna,
Bayin nan ɗan ƙuƙut ne in ka auna,
Ba wurin gocewa ko ina ka nuna,
Huɗu na iya kashe duk mai tsayuwa a bayan ƙofa.

Ko ɓarawo ne, ransa ai rai ne,
Harbin gargaɗi? Ya ce zai dawo kansa ne,
Mai wannan lissafin mai hankali ne,
Wanda ya hango kisa ya ci gaba, mai kisa ne,
Suna ba ya rage ramukan da ke ƙofa.

Malam Na Zaure

Allah ya yi miki albarka 'yata. Shari'arsu daban, tamu daban, amma tambayar tsohuwa ce.

Madalla 'yata, kin warware zare,
Ga ɗan abin da muke karantarwa.

A Suratun Nisa'i, aya ta 92,
Ga hukuncin mai kuskuren kashewa.

Diyya ga dangi, da 'yanta wuya,
In babu wuya, azumin wata biyu ba yankewa.

Ta 93 ta mai ganganci ce,
Gaba na faɗuwa wajen karantawa.

Mashhurin zance a wajen Malikawa,
Gida biyu ne, ba na uku a rabawa.

Wasu malaman sun ƙara na tsakiya,
Mai kama da ganganci suke kirawa.

Alƙali da zahiri yake hukunci,
Makami da yanayi yake dubawa.

Abin da ke cikin zuciya a daren nan,
Su biyu ne a wurin, ɗaya ba ta dawowa.

Don haka Hajiya, riƙe shi a zato,
Kar ki kai shi matsayin rantsewa.

Ɗan Tsere

Yaya Lauya, kin ba ni rabin nasara,
Daga Pretoria har kotun ɗaukaka ƙara,
Ba alƙalin da ya ce kisan Reeva ya ƙudura,
Hannu suka hukunta, suka ƙyale tsoro.

Baba Maharbi, huɗun na ji, na ƙirga,
Amma cikin ƙiftawar ido suka bar bindiga,
Mai firgici ba ya tsayawa ya duba ya ga,
Yatsa ke gudu in an kunna tsoro.

Gwaggon Yara

Allah gafarta Malam, na karɓi nasiha,
Zato nake, ban ɗau Alƙur'ani ba.

Amma ku duba, duk kun yi ta Oscar,
Ko ɗayanku bai tsaya kan Reeva ba.

Shekara 29, ta yi karatun lauya,
Ta yi tallan kaya, ba ta ga talatin ba.

Wata uku kacal da fara soyayyarsu,
Ko sanin halin juna ba a gama ba.

Ubanta ya rasu a Satumbar 2023,
Bai ga ranar da aka saki mutumin ba.

Uwarta ta ce ta yafe masa tuntuni,
Amma labarin ɓarawo ba ta yarda ba.

Ta ce 'yarta ta yi ihun neman rai,
Har maƙwabta suka ji, shi ne bai ji ba?

Ranar 5 ga Janairun 2024 ya fito,
Da sharuɗɗa har 2029, bai kuɓuta ba.

A cikinsu akwai koyon danne fushi,
Da darasi kan cin zarafin mata, ba ku ji ba?

In tsoron ɓarawo ne kaɗai damuwarsa,
Me ya kawo darasin mata? Ban gane ba.

'Yar Lauya

Gwaggo, sharaɗin na masu gidan yari ne,
Ba hukuncin alƙali kan niyyarsa ba ne,
Ɗan Tsere, kai ma rabonka kaɗan ne,
Kotun sama ta ce batun kare kai rusasshe ne,
Ba abin da ya taso masa daga bayan ƙofa.

Gwaggon Yara

Na ji ki 'yata, ban musa miki ba.

Su suka zauna da shi shekaru a kurkuku,
Ni da su nake, ban koma bayan Roux ba.