Wata 14 ba ko tiyar masara

Yayar mara lafiya: Salamu alaikum. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina. Ƙanwata ta haihu, ko arba'in ba ta yi ba ta daina barci, tana surutai ita kaɗai, har ta ƙi ba jaririn nono. Mijin da kansa ya ɗauko ta a a-daidaita ya sauke ta gidanmu a Ƙofar Marusa, wai a nema mata magani. Yau wata 14. Ko tiyar masara bai aiko ba, balle sabulun wankin yaro. Mu ke kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, mu ke sayen magani. Bai saka ba, bai ciyar ba. Jiya na aika masa, wai shi ba ya ciyar da mahaukaciya tana gidan ubanta. Don Allah, ciwo yana kayar da ciyarwa?

Malamin Islamiyya: Wa alaikumus salam. A mazhabar Malikiyya ci da sha da sutura da wurin kwana suna kan miji muddin igiya tana nan. Cikin abin da ke kayar da su akwai mace ta bijire ta fita ba izini. Wannan shi ya kai ta, kuma an ɗauke mata alƙalami. Ku je kotun shari'a, alƙali zai yanka masa.

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, don girman Allah ki goge kalmar nan ta mahaukaciya. Lalurar ƙwaƙwalwa ce, tana samun mata bayan haihuwa, kuma ana warkewa.

Yayar mara lafiya: Ba ni na faɗa ba, Sista, shi ya faɗa.

Ma'aikaciyar jinya: Amma ke kika rubuta.

Baban 'yan biyu: To mi za a ce? Kakanninmu hauka suka ce, sai ku 'yan asibiti ku zo ku yi wa abu kwalliya.

Mai ruƙiyya: Duk kun yi kuskure. Ba hauka ba ce, ba ƙwaƙwalwa ba ce. Mai jego da ke magana ita kaɗai, iska ce. An bar ta ta shiga banɗaki da magariba ba addu'a. Na yi irin wannan aiki ya fi a ƙirga.

Ma'aikaciyar jinya: Ya fi a ƙirga kam. Su ne ake kawo mana bayan shekara da sawun mari a ƙafa.

Mai ruƙiyya: Kina ƙaryata aljanu ke nan?

Ɗan Daura: Sista tana da gaskiya. Tun Janairun 2023 Baba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ko gwamnati ta bar kalmar. Aikin ɗanmu ne.

Baban 'yan biyu: Kai komai sai ka jawo Daura. Dokar ta saya wa wani magani? Ku dai ku riƙe rijiyar Kusugu.

Ɗan Daura: Rijiyar da kuke zuwa ɗaukar hoto ba.

Gwaggo: Ni fa ku mata ku faɗi gaskiya. Da mijin ne ya kwanta, wata nawa za ta zauna?

Maman Islam: Gwaggo, maƙwabciyata shekara bakwai tana jinyar nata da kuɗin ƙosai. Kuma shi har dukanta yake in abin ya motsa.

Malamin Islamiyya: Wannan ma da hukuncinta. In miji ne ya samu taɓin hankali, ana ba shi shekara guda, in bai warke ba tana da zaɓi. Amma tambayar Hajiya…

Baban 'yan biyu: Ka ji, Malam ma taɓin hankali ya ce. Ina bambancinsa da hauka?

Shugaban zaure: To ya isa haka. Abin da aka tattara: kalmar hauka Hausa ce, ba zagi ba ce, a daina ɗora wa mutane Turanci. Ba a ji ta bakin mijin ba, ga tsadar rayuwa, mai yiwuwa ba shi da shi ne. Mata su rage kawo sirrin gida nan. A gwada ruƙiyya, lambar mai ruƙiyya tana wurina.

Yayar mara lafiya: Ranka ya daɗe, zancen kotun fa? Kuma wanda ba shi da shi, da me ya kai lefe Batagarawa watan jiya?

Shugaban zaure: Hajiya, an rufe wannan maganar.